Daga Zauren Changli: Akwatin Gem da Maɓallin Kuɗi

Wancan karon na yi alkawarin za mu tattauna a kan bashin da ke tsakaninmu da masu turo mana kaya daga Kumasi, kuma ban manta ba. Ku yi mini uzuri. Wani abu ne ya taso a gidana ya cinye mini kusan wata uku, uwargida kuma ta ce in ban rubuta shi yanzu ba zan manta rabinsa, sauran rabin in cika masa gishiri.

Daga aljihun teburin shago abin ya fara. Wanda ya san ni a kasuwar Aboabo ya san sana'ata: batir, tocila, caja, wayar wuta, soket, ƙwan lantarki, irin kayan da ribarsu ba ta wuce a ƙirga da yatsu. Mai irin wannan sana'a ya san nauyin aljihun teburinsa kamar yadda ya san nauyin hularsa. To sai na fara ganin giɓi. Yau sidi biyar, jibi goma. Bai kai a yi ihu a kansa ba, amma ya isa ya hana barci. Na zargi yaron shagona, Allah ya yafe mini, har na fara canza masa fuska. Ashe mai ɗibar a gidana yake kwana, tuwona yake ci. Autana ne, shekararsa 13, wanda nake bar wa shago ranar Asabar in na tafi masallaci.

Maƙwabcina kafinta, Badagombe ne dattijo, shi ya tare ni wata safiya bayan mun gaisa. Ya ce, "Alhaji, ba gulma na kawo ba. Yaronka yana daɗewa a wancan shagon na lungu." Na je da kaina. A gaba talabijin biyu ne da yara sun yi cincirindo suna buga ƙwallo a PlayStation, a biya a zauna. A ciki kuwa, bayan labule, ga na'urar nan da ake kira jakfot, mai fitilu tana kiɗa, ka jefa mata kwandala ta haɗiye, jefi-jefi ta amayo wa wani kaɗan don sauran su ji ƙarar. Ghana tana da dokar caca tun 2006, ita ce Act 721, da hukumar da aka ɗora wa kula da harkar, kuma dokar ta hana wanda bai kai 18 ba. Amma hukuma tana ofis, na'ura tana lungu.

Ba zan ɓoye muku ba, da na dawo gida bulala na fara nema. Uwarsa ce ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, ka tambaye shi tukuna, dukan ba zai gudu ba." Na tambaye shi. Da Hausarsa ta nan, wadda ko mace "ya zo" ake ce mata, ya ce, "Baba, gem nake zuwa yi. In kuɗina ya ƙare ne nake sa wa jakfot, ko zan samu na ƙara wasa."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Wato ba cacar ce ta kai shi ba, wasan ne ya kai shi, caca ta tarar da shi a can. Kuma na tuna abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba. Wajen 1993, ina yaron shago a Kano, akwai wani wuri a Sabon Gari mai doguwar na'ura kamar firji, da sanda da maɓallai shida, ana dambe a ciki. Street Fighter II ke nan, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991. Canjin maigidana nawa ya shiga cikin wannan akwati, Allah kaɗai ya sani. Na ajiye bulala. Na ce a raina, in wasan ne, bari in kawo shi zaurena, in raba shi da abin da ke bayan labule.

Kuɗin PlayStation ba na kusa da ni. Abin da nake da shi tsohuwar laftof ce da babban ɗana ya bari da ya tafi karatu, batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take numfashi. Wani mai gyaran waya a layinmu ya ce ai ta isa, ya gaya mini sunan wata manhaja, MAME. Wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ne ya fara fitar da ita a watan Fabrairun 1997, har yau kuma masu sa kai ne ke ci gaba da aikinta, kyauta ake sauke ta. Aikinta kwaikwayo ne. Tana sa kwamfutarka ta yi kamar ita ce waccan tsohuwar na'urar, har shi kansa gem ɗin bai san ya bar akwatinsa ba. Masu yin ta sun ce babban nufinsu adana tarihin na'urorin ne kada su ɓace, wasan kuwa gyara ne, irin wanda mai tumatir ke ƙara maka.

Abu biyu zan faɗa a gurguje a kan fayilolin gem ɗin, don sun ɓata mana kwana biyu. A ƙunshe suke zuwa, kada ka kwance su, haka za ka zuba su cikin foldar da aka rubuta wa roms. Kuma dole fayil ya dace da bugun MAME ɗin da ke hannunka, tsohon fayil yakan ƙi tashi a sabuwar manhaja. Duk wani gem na Neo Geo kuma, irin su Metal Slug da King of Fighters, ba ya motsi sai fayil ɗin neogeo yana zaune kusa da shi a folda ɗaya.

Da kibod muka fara. MAME tana da tsarinta tun fil'azal: kibiyoyi su ne tafiya, Ctrl da Alt da Space da Shift da Z da X su ne maɓallai shida, lamba 1 fara wasa, lamba 5 jefa kwandala. Ku riƙe wannan 5 ɗin, za mu dawo kanta. Minti goma yaron ya yi ya ture laftof, ya ce wannan rubutu ne ba wasa ba. Gaskiyarsa. Sai ni, mai sayar da waya, na ga ai na iya. Na sayi tsohon kibod na gwanjo, na farke shi, na ciro ɗan farantin da ke ciki, na yi dare biyu ina liƙa masa wayoyi da dalma zuwa makunnan ƙararrawar ƙofa da ke shagona. Ya yi aiki, in mutum ɗaya ne ke wasa a hankali. Da mutum biyu suka hau, sai wannan ya danna naushi abu ya ƙi fita. Dalili shi ne kibod mai araha layi-layi aka saƙa wayoyinsa, ba kowane harafi da wayarsa ba, saboda haka in an danne uku ko huɗu lokaci guda sai ya rikice ya yar da wani. An yi shi ne don mai rubuta wasiƙa, ba don 'yan dambe ba. Ga kuma Windows, da zarar an danna Shift sau biyar a jere sai ta fito da tambaya a tsakiyar allo, ana cikin faɗa. Araha ba ta ado. Na tattara na jefa a kwali.

Wani ɗan'uwanmu da ke sarin kaya a Gwanzu ta ƙasar Sin shi ya taimaka. Ya sako mini saiti biyu cikin kayansa, suka sauka Akra, aka ba direban motar dare, da safe na karɓa a tasha. Kowane saiti akwai sanda ɗaya, maɓallai goma, ƙullin wayoyi, da ɗan faranti wanda bai kai tafin hannu ba, ana kiransa Zero Delay. Ni tafinta na sa masa. Maɓalli ba ya jin yaren kwamfuta, abin da ya sani kawai a haɗe ko a rabe, kamar makunnin fitila. Shi wannan faranti shi ke tsayawa a tsakani ya ce wa kwamfuta, an danna na uku, an tura sanda hagu, ta wayar USB. Ba ya buƙatar a ɗora masa wata manhaja, soka shi kawai za ka yi.

Akwatin kuma kafinta ya yi mana, dogo guda ɗaya na mutum biyu. Nan na yi kuskuren da nake so ku guje wa. Maɓallai iri biyu ne. Akwai irin na Japan, gajeru, raminsu milimita 30, da yawansu 'yan kunnuwa gare su da ke kama bakin rami in an tura, kuma ba sa kama sai a falle marar kauri. Akwai irin na Amurka, dogaye masu noti a ƙasa, raminsu milimita 28, su ne na katako mai kauri. Namu masu kunnuwa ne, katakonmu kuwa kamar na ƙyaure. Muka tura, suka ƙi kamawa, ka danna ɗaya na kusa da shi ya yi tsalle. Dattijon nan ya kwana yana sassaƙe bayan kowane rami da kurfi har ya yi sirara, kuma ya ƙi karɓar ƙari. Ka ɗauki maɓallin a hannu ka kai wa kafinta kafin ya zaɓi katako. Kada ka kwatanta masa da baki yadda na yi.

Jeri shi ne uku a sama, uku a ƙasa, yadda Street Fighter II ya zo da shi: na sama naushi, ƙarami da matsakaici da babba, na ƙasa shuri haka nan. Sai na fara wasa da na kwandala a gefe.

Wajen jona wayoyi yaron ya karɓe aikin, don idona ba ya ganin ƙananan rubutun sai da tabarau da tocila. Maɓallan ƙafa biyu gare su, ba ruwanka da wace waya ta hau wace. Amma makunnan da ke ƙarƙashin sanda, da na maɓallai irin na Amurka, sukan zo da ƙafa uku, an rubuta COM da NO da NC. Wayoyinka a kan COM da NO za su hau. In ka sa a NC, kwamfuta za ta ga kamar an danne shi tun daga haihuwa, sai ka taɓa ne zai saki. A kan farantin kuma akwai ramuka huɗu da aka rubuta wa MODE da TURBO da AUTO da CLR, ba na maɓallan wasa ba ne, ka tsallake su.

Kafin ka buɗe MAME, ka gwada aikinka a Windows ita kaɗai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, za ka ga sunan tafintan, ka shiga. Akwai 'yan da'irori masu lamba, duk wanda ka danna tasa za ta haska, sanda kuma za ka ga alama tana bin hannunka. Wannan mataki shi ke raba maka laifin waya da laifin manhaja. Mu a nan muka ga sandar mutum na biyu ta haukace, ka tura sama ta tafi ƙasa, hagu ta tafi dama. Ni har na fara cewa an sako mana jabu. Yaron ya leƙa ciki ya ce, "Baba, a juye muka ɗaura shi." Muka kwance noti huɗu muka juya ta, shi ke nan.

To yanzu sai gabatar da akwati ga MAME, wanda shi ne ainihin aikin. Ka tayar da kowane gem, ka danna Tab a kibod, jerin zaɓi zai fito. A sababbin bugu Input Settings za ka shiga. Ciki akwai ƙofa biyu, kuma bambancinsu shi ne rabin ilimin. Ɗaya ta gama-gari ce, an rubuta general, abin da ka saita a can ya hau kan kowane gem. Ɗayar ta gem ɗin da ke buɗe ce kaɗai. Ka fara da ta gama-gari, ka shiga wajen mutum na ɗaya, ka sauka kan Up, ka danna Enter, ka tura sanda sama, ka ɗan jira ya rubuta. Haka ƙasa, hagu, dama, sai maɓalli na 1 har na 6. In hannunka ya goce ka danna Delete ya goge, ka sake. Na fara wasa da na kwandala ba a nan suke ba, suna can ƙarƙashin Other Controls, mun yi rabin awa muna nemansu kamar allura a rairayi.

Ƙofa ta biyu amfaninta yana zuwa ne in gem ɗin ba mai shida ba ne. Na Neo Geo, wanda SNK ta fitar a 1990, huɗu gare shi, A, B, C, D, a jere. A akwatinmu sai D ya faɗo ƙasa ta hagu, inda yatsa ba ya tsammani. Mortal Kombat na 1992 biyar gare shi, da na tarewa a tsakiya. Irin waɗannan kowanne ka gyara shi a ɗakinsa. Mu da farko a gama-gari muke gyarawa, sai mu daidaita wannan mu ɓata wancan, muka yi ta zagaye kamar jakin niƙa.

Gwajin sanda kuwa ɗaya ne tun zamaninmu. Ka ɗauki Ryu, ka ja ƙasa, ka zagayo kusurwar ƙasa da gaba, ka kai gaba, ka danna naushi. In ƙwallon wuta ta fita daga hannunsa, kusurwoyinka lafiya. Shekara talatin rabona da wannan motsi, amma hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. A karo na biyu ta fita. Yaron ya juyo ya dube ni, duban da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Baba, a ina ka koya?" Na ce masa ya kula da allo.

Pac-Man ne ya ba mu mamaki. Gem na 1980, ba naushi ba shuri, amma sai ya riƙa maƙalewa a kwana har fatalwa ta cinye shi. Ashe sandarsa ta asali hanya huɗu kaɗai take bi, tamu kuwa takwas, da kusurwoyi, shi kuma bai san kusurwa ba. A ƙarƙashin sanda akwai wani falle na roba mai rami murabba'i, ni takunkumi nake ce masa. A sandar Sanwa ta Japan, da masu kwaikwayonta irin tamu, ana murɗa tsakiyarsa kaɗan ramin ya tsaya a kan tsininsa, sai sanda ta koma hanya huɗu. Amma sai an buɗe akwati. Tunda 'yan dambe sun fi yawa a gidan, mai son Pac-Man sai ya koyi tsabtace hannunsa.

Sai matsalar wuta. Ranar da muka gama saiti kaf, mutum biyu, gem takwas, ana cikin murna aka ɗauke wuta. Laftof marar batir ta mutu nan take. Da aka dawo da ita muka kunna, babu ko ɗaya, kamar ba mu taɓa zama ba. MAME ba ta rubuta saitinka sai lokacin da ka fita daga gem ta hanya, wato da Esc. Saboda haka da ka gama saiti ka fita tukuna, sannan ka dawo ka yi wasa. Tana ajiye su a wata folda mai suna cfg, ka kwafe ta a filash ka jefa a aljihu. Kuma kada ka buɗe manhajar akwati yana cire, don takan ga babu shi ta manta da shi. Mu har fitar ma mun ɗora ta a kan maɓallai biyu da ake dannawa tare, don kada ƙananan su riƙa kai hannu kan laftof.

Ɗaya matsalar har yau tana nan. Tafintocinmu tagwaye ne, suna ɗaya, kama ɗaya, saboda haka wani lokaci in an kunna sai Windows ta ɗauki na dama a matsayin na ɗaya. Kana tura sandarka mutumin abokin faɗanka yana tafiya. Akwai hanyar ɗaure kowanne da lambarsa ta cikin fayil, amma a kan tagwaye irin waɗannan ita ma takan rikice. Mai hali ya sayi I-PAC na kamfanin Ultimarc da ke Ingila, faranti ɗaya ne na mutum biyu, yana zuwa wa kwamfuta a matsayin kibod mai jin duk abin da aka danna lokaci guda, da haruffan MAME a shirye. Mu dai jan farcen yayarsa muka ɗiga wa waya ɗaya, ita ake fara sokawa. In duk da haka ta juye, sai yara su musanya wurin zama. Ƙurar hunturu kuma, wanda ya san Tamale ya sani, tsohon zane muke rufa wa akwatin.

Yanzu bari in dawo kan 5.

Dabarata tun farko ita ce maɓallin kwandala ya zauna a hannuna. Na auno waya mai tsawo, na ce za a ja ta daga zaure har ɗakina, ba mai wasa sai na danna. Ina cikin aunawa yaron ya ce, "Baba, 5 na kibod fa?" Ya miƙa yatsa ya danna, na'ura ta yi ƙarar karɓar kuɗi. Na tsaya da waya a hannu. Sai ya ce in ina so zai cire, ya shiga Tab, ya goge 5 ɗin a gabana. Na gode masa. Da dare ina kwance na gane cewa wanda ya iya gogewa ya iya mayarwa, kuma da ya so da bai faɗa mini ba tun farko. Washegari na naɗe wayata na mayar shago. Maɓallin kwandala yana nan a gaban akwati, ja, kowa na iya dannawa.

Abin da na yi a maimakon haka, kwano na ajiye da ƙwallayen dabino da suka rage tun azumi. Na ce wasa kyauta ne, amma duk wanda ya danna ja ya jefa ƙwallo ɗaya a kwano. Ran nan shi da abokinsa suka zauna a kan Metal Slug, na 1996, suka rantse sai sun ga ƙarshensa. Suka gani. Na ce a juye kwano a ƙirga. Arba'in da uku. Na ce, "In kowanne sidi ɗaya ne fa?" Bai amsa ba, yana ta juya ƙwallayen da yatsa.

Sannan na nuna masa abin da ni ma a wannan aikin na fara gani. A cikin jerin Tab akwai wani wuri, DIP Switches. A na'urar asali wasu 'yan makunnai ne a jikin faranti, can cikin akwati, bayan ƙofa mai kwaɗo, mai shago kaɗai ke kai hannu. A Pac-Man nan ake zaɓan rai nawa za a ba ka, 1 ko 2 ko 3 ko 5, da maki nawa za ka kai kafin a ƙara maka rai, ko ma kada a ƙara sam, da kwandala nawa ke sayen wasa ɗaya. A Street Fighter II wahalar abokin faɗa hawa takwas ce, mai shago ke zaɓa. Ni da na yi shekaru ina zargin hannuna a Sabon Gari, ashe akwai wani hannun a bayan ƙofa. Yaron ya yi ta hawa da sauka da lambobin. Can ya ce, "Jakfot ma yana da irin wannan?" Na ce wannan da gwaninta ke aiki a cikinta ma ga yadda take, ita waccan da ba ta tambayar gwanintar kowa, kai ka faɗa mini.

Kada in sa ku ɗauka an yi walkiya an ga kowa. Bayan wannan sau ɗaya kafinta ya sake ganinsa a lungun, shi kuma ya ce kallo ya je. Na karɓa a haka. Aljihun tebur dai tun daga lokacin yana cika daidai, amma ban daina ƙirgawa ba. Yaron shagona kuma na kira shi na ba shi haƙuri, wanda ya fi mini duk aikin nan wuya. Dokar zaure ita ce bayan an taso makaranta, kiran magariba kuma a fita da Esc.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don mu 'yan kasuwa ne, mun san haƙƙi. MAME kyauta ce, amma gem ɗin da ke hawa kanta da masu shi. Capcom tana nan da ranta, a 2018 ma ta tattara Street Fighter guda 12 ta fitar da su a kunshi ɗaya na sayarwa, kuma akwati irin namu yana iya aiki da shi a kwamfuta. Fayilolin da ke yawo a intanet da filash ɗin masu gyaran waya ba da izininsu suke yawo ba, nawa ma daga nan suka fito, ba zan yi muku ƙarya ba. A shafin MAME akwai 'yan kaɗan da masu su suka yafe don wasa a gida, irin su Gridlee da Robby Roto, amma yaran zaurena ko kallo ba su ishe su ba. Ban ba kowa fatawa ba. Abin da na tsayar wa kaina shi ne ba zan ci ko fesuwa ɗaya da su ba.

Shi ya sa da auta ya zo mini da lissafi a takarda na ƙi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ya ƙirga yaran layinmu, ya ce sidi ɗaya wasa biyu, ya cire kuɗin wuta, har ya ware mini kasona. Na ce kayan ba namu ba ne, kuma ban ɗauko ka daga wancan shagon don in buɗe irinsa a ƙofar gidana ba. Ya yi kwana biyu yana kumbura. Rana ta uku ya dawo da wata takardar. Ya ce to akwatin fa? Katako namu, waya tamu, aikin hannu namu, kafinta ya sami nasa. A sayar da akwati, kowa ya nemi abin da zai sa a ciki. Wannan kam ban sami abin cewa ba. Na ce ya nemo mai saye.

Shekaranjiya da la'asar ina shago ya shigo da gudu, ya ce ya samu, har mutumin yana son guda biyu, zai ba da rabin kuɗi yanzu. Na ce wane ne? Ya ɗan sunkuyar da kai. Mai shagon lungu ne.

Na ce ya gaya masa sai bayan Juma'a.